Kyamarar Baba ta ƙi motsi, in kai ta Computer Village?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tsinci tsohuwar kyamarar mahaifina mai fim, Canon AE-1, a ƙasan akwatinsa. Hannun da ake ja ya ƙage, maɓallin ɗauka ma ba ya komai. In kai ta wurin masu gyaran waya a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata tukuna, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. AE-1 ta fito a 1976, kuma ba ta ɗaukar hoto sam sai da batir, saɓanin Pentax K1000 da batirinta na awon haske ne kawai. Idan an ja hannun aka bar ta har batir ya mutu, haka za ta cije. Kada ka sa ƙarfi. Buɗe 'yar ƙofar da ke gaba kusa da gilashi, a hankali don robar tana saurin karyewa, ka sa batir 4LR44 mai bolt 6. In ka ga farin gari ko tsatsa a ramin, goge da auduga da ɗigon binega, ya bushe.

In ta farfaɗo, buɗe bayanta ba fim a ciki, ka cire gilashin gaba, ka fuskanci taga. Sa murɗin saurin ɗauka da ke saman kyamarar a daƙiƙa 1 ka danna, sannan ka riƙa hawa har 1/1000 na daƙiƙa. Ido da kunne za su gaya maka ko labulen da ke buɗewa haske ya kai ga fim yana ƙara sauri a kowane mataki. Labulen nan na ƙyalle ne, yatsa kada ya taɓa shi. Wata AE-1 takan yi ƙara kamar mai tari. Man da ke injin madubinta ne ya bushe. Wannan aikin mai gyaran kyamara ne, kuma don Allah kada kowa ya fesa mata WD-40. Mai gyaran waya gwani ne a fanninsa, amma nan ƙananan haƙora ne da sifirin, sun fi kusa da aikin mai agogo.

Abin da na fi ji maka shi ne danshin Legas. Haska tocilar wayarka ta cikin gilashin. In ka ga zare-zare fari kamar saƙar gizo, funfuna ce, kuma in ta daɗe takan cinye fatar gilashin, ta bar tabon da ba ya gogewa. Duba kuma baƙin soson da ke gefen murfin baya. A kyamara mai waɗannan shekaru yawanci ya narke ya zama danƙo, ta nan haske ke satar shiga ya bar jan zane a hoto. Wannan kam za ka iya da kanka: kankare da tsinken sakace da sifirit, ka liƙa sabo.

Hukuncin ƙarshe na fim ne. Sayi nadi ɗaya, ko Kodak Gold 200, mai hoto 24 ya isa. Bayan ka ɗora, lura ko murɗin hagu yana juyawa in ka ja hannu. In bai juya ba, fim bai kama ba, iska kake ɗauka. Cikin rana tsaka sa faɗin kafar gilashi a f/16, saurin ɗauka a 1/250, ka gwada sauran matakan a inuwa, kana rubuta kowanne a takarda. Manhajar awon haske a waya za ta nuna maka ko awon kyamarar yana ƙarya. Kafin ka sayi fim ɗin ma, fara gano wanda zai wanke maka, don yawancin shagunan hoto sun daina.

Wajen ajiya, raba ta da jakar fatar nan, ita ke riƙe laima. Sa ta a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika irin na kwalin sabon takalmi, ka cire batir, ka riƙa fito da ita kana mayar da batirin kana dannawa ko sau ɗaya a wata.