Kuɗin fito a Amurka da Ingila: wa zai biya, mai sayarwa ko mai saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da jakunkunan fata, huluna, turaren wuta da ɗinkakkun kaya daga Kano ta Instagram da WhatsApp, kuma yawancin masu saye suna Amurka da Ingila. Kwanan nan wata ta ƙi karɓar kayanta saboda kamfanin aika kaya ya ce sai ta biya kuɗin fito, alhali a da ba a karɓa. Yanzu tana so in mayar mata da kuɗinta. Me ya canza, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. A da Amurka ba ta karɓar kuɗin fito a kan ƙunshin da darajarsa ba ta wuce dala 800 ba. An dakatar da wannan rangwame ga dukkan ƙasashe daga 29 ga Agusta, 2025, kuma a cikin watan ne aka ɗora wa kayan Nijeriya ƙarin kashi 15 cikin ɗari a kan harajin da kowane irin kaya yake da shi tun asali. Waɗannan alƙaluma suna motsi, don haka ki tambayi kamfanin aika kaya adadin da ake karɓa a makon da za ki aika, kada ki dogara da na bara.

Amma ba harajin ne ya ɓata miki ciniki ba. Abin da ya ɓata shi, mai saye ta ɗauka ta gama biya, sai ga wani kuɗi a bakin ƙofa wanda ba wanda ya gaya mata. Wanda ya iya biyan kuɗin jirgi daga Kano zuwa Houston zai iya biyan haraji, in dai ya san da shi tun kafin ya ce ya saya.

Hanyoyin aikawa biyu ne. A tsarin DAP, ke kin biya dako, kwastam kuma ta bi mai karɓa, kuma shi ake sa wa duk wanda bai zaɓi komai ba. A tsarin DDP, kamfanin ne zai biya kwastam ya caje ki. Ga mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane, DDP ya fi, domin farashi ɗaya za ki faɗa, ki karɓa gaba ɗaya. Ki sani kamfanin yana da nasa ladan biyan kwastam a madadinki, kuma ladan ba ya raguwa don ƙunshi ƙarami ne. Shi ya sa hula ɗaya ta dala 30 ta fi jin jiki a kan kayan dala 300.

Lissafin ƙasashen biyu ya bambanta, kuma a nan mutane da yawa suke cin uwar kuɗi ba su sani ba. Amurka tana lissafa haraji a kan darajar kayan kaɗai, ban da kuɗin jirgi, matuƙar kin raba su a takardar farashi. In kin haɗe su kin rubuta dala 270 alhali kaya na 200 ne dako 70, za ki biya haraji a kan dakon ma. Ingila kuwa tana haɗa kaya da dako. A ce kayan fam 200 ne, dako fam 50, harajin kayan kuma kashi 10: kuɗin fito fam 25 ke nan, sannan a ɗora VAT, harajin da ake karɓa a kan sayen kaya, na kashi 20 a kan fam 275, wato fam 55. Jimla fam 80, ban da ladan kamfani. Amma tun watan Yuni 2023 Ingila tana da tsarin DCTS da ya sauke haraji a kan kayayyaki da yawa daga Nijeriya. In kayanki suna ciki kuma kin sa bayanin asalin kaya a takardar farashi yadda tsarin ya tanada, fam 25 ɗin nan ta faɗi, sai VAT na fam 50 kawai. Ƙasa da fam 135 babu kuɗin fito, sai dai dokarsu ta ɗora wa mai sayarwa karɓar VAT tun a wurin ciniki. A kasuwar intanet irin eBay kasuwar ce take karɓa, a Instagram kuwa ba mai karɓar miki.

Asalin kaya yana nufin inda aka ƙera shi, ba inda aka sayo shi ba. Atamfar da aka buga a Sin kika saya a Kantin Kwari kika aika turmi yadda yake, kayan Sin ce a idon kwastam, da harajin Sin. Jakar da dukawan Kano suka ɗinka da fatar da aka jeme a nan kuwa 'yar Nijeriya ce.

Kowane kaya yana da lambar HS, ita ce take nuna harajinsa. Jakar hannu mai bayan fata 4202.21 ce, turaren wuta 3307.41, takalmin fata yana ƙarƙashin 6403, hular yadi 6505. Ki rubuta lambar tare da cikakken bayani: "jakar hannu ta mata, fatar akuya, guda 2, dala 60 kowace". In kin rubuta "kayan ado" kawai, jami'i ne zai zaɓar miki lamba, kaya kuma su yi kwanaki a ajiye.

Ina roƙonki kada ki rubuta "kyauta" a kan kayan sayarwa, kada kuma ki rage farashi a takarda ko da mai saye ce ta nema. Kwastam tana iya neman shaidar biya daga mai karɓa, in ba ta yi daidai da takardarki ba sai tara ko ƙwace. Kuma in kaya suka ɓata a hanya, abin da kika rubuta shi za a duba wajen biyanki.

Akwai kayan da matsalarsu ta wuce haraji. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka ko Ingila ta wannan hanya. Fatar mesa, kada da damo tana buƙatar izinin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji da ake tsoron ƙarewarsu. Humrar da aka haɗa da sinadari mai kama wuta, kayan haɗari ce a jirgi, sai kin bayyana ta kuma kamfani ya yarda ya ɗauka.

Game da ƙunshin da yake can yanzu, ki kira kamfanin yau ki tambayi adadin da ake bi da ranar da za su daina ajiyewa. Kayan da aka ƙi karɓa ana dawo da su ne a kan kuɗinki ko a lalata su, kuma dakon dawowa yakan fi harajin nesa ba kusa ba. Tunda ba ki sanar da ita ba, ki biya wannan karon, ko ku raba in ta yarda.

Daga nan ki sa mafi ƙarancin abin da za ki aika waje, yadda ladan kamfani zai narke a cikin riba. In kina da amintacce a can, ki tara odar mutum goma ki aika masa ƙunshi ɗaya ya rarraba ta gidan wayan ƙasar, amma ya san sunansa ne a takardar kwastam, kuma a Amurka kayan da suka wuce dala 2,500 suna buƙatar cikakkiyar shigarwa a kwastam, wato cika dukkan takardun shigo da kaya, wadda galibi sai da wakilin kwastam. Kafin kowa ya turo kuɗi, ki aika masa saƙo ɗaya mai ɗauke da kuɗin kaya, kuɗin dako da kuɗin fito, ki jira ya amsa a rubuce.