Daga Cessna zuwa Spitfire: me ya sa jirgin ke fizgewa ya bar titi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi kusan wata takwas ina tuƙa Cessna 172 a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, ina tashi ina sauka lafiya lau, har da iskar gefe. Kwanan nan na sayi Spitfire Mk IX, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, a manhajar kwaikwayon jiragen yaƙi ta DCS World. Da zarar na ba shi wuta sai ya fizge hagu ya bar titi. In na yi sa'a na tashi, wajen sauka sai ya yi ta tsalle, ko ya kife da hanci. Sandar tuƙi kawai gare ni, irin wadda ake murɗawa. Laifina ne ko na jirgin? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, jirgin lafiyarsa ƙalau, kai ma wata takwas ɗin nan ba a banza ka yi su ba. Abin da ya faru shi ne Cessna ta koya wa hannunka aiki ta bar ƙafarka tana barci, shi kuwa Spitfire a ƙasa da ƙafa ake tuƙa shi, wato da fedar da ke juya allon wutsiya hagu da dama, aikin da murɗa sanda ke yi a wurinka.

Fara duba inda tayoyin suke. Cessna 172 tana da taya a ƙarƙashin hanci, manyan tayoyinta biyu suna bayan cibiyar nauyinta. In ta ɗan karkace a kan titi, nauyin da kansa yake jawo ta ta miƙe, ko da ba ka lura ba. Spitfire ƙaramar tayarsa a wutsiya take, manyan tayoyin suna gaba, nauyin yana bayansu. Ka taɓa tura amalanke da baya a guje? To haka abin yake. Da wutsiya ta ɗan goce, nauyin zai ƙara tura ta waje, karkatar tana ƙaruwa da kanta, har jirgin ya juya kamar mai hajijiya, fiffike ya daki ƙasa. Ga tayoyin Spitfire a matse kusa da juna, tayar wutsiyar kuma sake take, ba ta da makulli. Wannan kaɗai ya isa ya wahalar da mutum tun kafin a zo maganar inji.

Injin Cessna 172 ta zamani ƙarfin doki 180 gare shi. Injin Merlin da ke cikin Mk IX mai silinda 12 ne, lita 27, ƙarfinsa ya haura doki 1,500, yana juya farfela mai reshe huɗu da faɗinta ya wuce mita 3. Nauyin jirgin bai fi ninki uku na Cessna ba sosai, amma ƙarfin ya ninka fiye da takwas. Daga mazaunin matuƙi farfelar tana juyawa ne ta hannun agogo, kuma abubuwa huɗu ke haɗuwa su kai ka hagu. Injin yana murɗa gangar jirgin saɓanin farfela, sai tayar hagu ta danne ƙasa. Iskar da farfela ke turawa baya tana nannaɗe jikin jirgin ta bugi wutsiya ta gefen hagu. Muddin hanci na kallon sama, reshen da ke saukowa ta dama ya fi na hagu cizon iska. Na huɗun shi ya fi shammatar sabon shiga: lokacin da ka ɗaga wutsiya, farfelar nan mai nauyi da ke juyawa a guje tana mayar da martani ta fizgi hanci hagu, kuma gwargwadon saurin ɗagawarka gwargwadon ƙarfin fizgar.

Cessna ma tana da kusan duk waɗannan, shi ya sa kake ɗan taka dama wajen tashi. Amma a can taɓawa ce kawai. A nan aiki ne.

Ga yadda nake so ka gwada. Daidaita jirgin a tsakiyar titi, ka bar shi ya ɗan gangara gaba domin tayar wutsiya ta miƙe. Sa tirim ɗin allon wutsiya, wato saitin da ke riƙe shi a ɗan karkace ba tare da ka taka ba, zuwa dama. Riƙe sanda a baya. Sai ka tura totur a hankali, kana ƙirga ɗaya zuwa shida ko takwas a zuci, ka tsaya a kusan +7 a agogon matsin iskar inji. Ba ka buƙatar duk ƙarfin Merlin don ka tashi, wannan ya wadatar. Idonka kada ya tsaya kan agogo, kuma hanci ya tare maka gaba, don haka ka riƙa duban gefen titi ta hagu da dama na gilashin. Da ka ga alamar karkata, taka, ka saki nan take. Taka, saki. In ka danne ƙafar kana jiran ka ga sakamako, ka makara, jirgin zai wuce ya koma ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Yayin da gudu ke ƙaruwa, sassauta sanda ta dawo tsakiya, wutsiya za ta taso da kanta. Kada ka tura ta gaba da ƙarfi, domin bayan fizgar da na faɗa, tsakanin farfela da ƙasa ba nisa.

Maganar kayan aiki kuwa, gaskiya zan faɗa maka: sanda mai murɗawa tana iya yi, amma da wuya, saboda hannu ɗaya ne ke jan baya, yana karkata gefe, yana kuma murɗawa. In da hali, fedar ƙafa ita ce abu na farko da za ka saya, kafin sabon jirgi, kafin sabuwar sanda. In babu hali yanzu, shiga saitin DCS ka lanƙwasa layin amsawar murɗawar domin tsakiyarta ta yi laushi. Akwai kuma taimakon tashi da taimakon wutsiya a saitin jirgin. Ba abin kunya ba ne ka kunna su na ɗan lokaci, sai dai ka riƙa rage su mako-mako, kada ƙafarka ta saba da a yi mata aiki.

Birkin Spitfire ma nasa daban ne. Da iska yake aiki, mariƙinsa yana jikin sandar tuƙi, fedar ƙafa ce ke raba ƙarfinsa tsakanin tayar hagu da ta dama. Sa shi a wani abin da za ka iya matsawa kaɗan-kaɗan, domin in ka damƙe shi gaba ɗaya hanci zai sha ƙasa. Jirgin yana da saurin kifewa har ma'aikatan ƙasa kan hau wutsiyarsa su danne ta in ana iska. A 1945, a filin Hibaldstow na Ingila, wani matuƙi ya tashi bai san Margaret Horton tana kan wutsiyar ba, ya zagaya ya sauko da ita da ranta.

Amma shawarata ta gaske ita ce ka ajiye Spitfire na mako biyu ko uku. Matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu ba daga jirgin koyo na farko suke tsallakawa cikinsa ba. A rundunar saman Birtaniya a lokacin ana farawa da Tiger Moth, a koma Harvard ko Miles Master. Amurkawa kan fara da Stearman, su bi ta BT-13, su ƙare da T-6 Texan mai ƙarfin doki 600, wanda shi ne dai Harvard ɗin da wani suna. Duk masu tayar wutsiya ne. Kai ma bi wannan tsani. In kana da Microsoft Flight Simulator, ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan jiragen Cub ka yi ta tashi da sauka har ƙafarka ta fara motsi ba tare da ka umarce ta ba. A DCS kuma akwai TF-51D kyauta, wato jirgin yaƙin Amurka Mustang, marar bindiga. Tayoyinsa suna nesa da juna, in ka ja sanda baya tayar wutsiya tana kullewa, ga birki a kan feda kamar na Cessna. Injinsa ma Merlin ne, ƙirar kamfanin Packard, don haka fizgar hagun tana nan, sai dai jirgin ya fi haƙuri da kuskure.

Sauka kuwa, rabin matsalarka gudu ne. Lura da cewa agogon Spitfire ɗin nan da mil yake ƙirga, Cessna kuwa da not, wato mil na teku a awa, kada lambobin su ruɗe ka. Nemi kusan mil 100 a gangaren ƙarshe, kana raguwa yayin da kake tsallake bakin titi. Filaf ɗinsa, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa wajen sauka, matsayi biyu ne kawai, a rufe ko a sauke gaba ɗaya, kuma in ka sauke shi hanci zai sunkuya. Kada ka zo a miƙe daga nesa irin na Cessna, dogon hancin zai ɓoye maka titin. Zo a lanƙwashe, kana kallon titin ta gefen hagu, ka miƙe daf da ƙarshe. Kafin ka tashi, zauna a kan titi ka haddace yadda hanci yake tsaye da sararin sama, domin wannan hoton za ka nema wajen taɓa ƙasa da tayoyi uku a tare. Tsallen da kake yi daga nan yake: manyan tayoyi sun taɓa da sauran gudu, wutsiya ta faɗi, fiffike ya sake cizon iska, jirgi ya koma sama. In tsallen ya yi girma, sake zagayowa, amma ka ƙara wuta sannu a hankali. Cika totur farat ɗaya a ƙaramin gudu yana iya mirgina jirgin hagu.

Bayan ka taɓa ƙasa, ja sanda har cikinka ka riƙe, ƙafa na ci gaba da aiki. Yawancin juyin hajijiyar nan a ƙarshen gudu yake zuwa, lokacin da iska ta ragu a kan wutsiya, mutum kuma ya saki jiki. A nan ne ɗan taɓa birki ke taimakawa.

Abu ɗaya da Cessna ba ta taɓa nema a wurinka ba shi ne kula da zafin ruwa. Merlin da ruwa ake sanyaya shi, lagiretocinsa suna ƙarƙashin fiffike, kuma a ƙasa ba sa samun iska sosai. In ka tada inji, gama bincikenka da wuri ka nufi titi kana tafiya a karkace hagu da dama don ka ga gabanka, ido ɗaya a kan agogon zafi.