Amsa: wai gwamnati na ba da tallafin saka sola a gida?

Malam, ka ce ka ji ana ba da tallafin sola kuma kana tambaya ina ake cike fom. To gaskiya tallafin akwai shi, amma fa ba kai za a kirgawa kudi a hannu ba, nan ne mutane da yawa ke rudewa.

Hukumar REA ce ke rike da harkar, wato hukumar kai lantarki karkara. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin DARES, wato shirin kai wutar sola da REA ke gudanarwa a Najeriya, kuma yadda abin yake tafiya shi ne kamfanin sola zai fara zuba kudinsa ya kafa karamar tasha a kauye ko ya raba wa gidaje kananan na'urori, sai an zo an tabbatar wuta ta kama a gidan mutum sannan a biya shi wani kaso, shi ya sa za ka ga suna iya sayar maka da sauki ko su ce ka rika biya kadan-kadan duk wata. Kasuwar Sabon Gari a Kano ma ta hannun REA aka sa mata sola, haka BUK a 2019.

Ni dai shawarata ka nemi kamfanin da ke cikin shirin, ka tambaye su garantin batir kafin komai, don fanel ba ya cika ba da matsala, batir ne ke cin kudi. Nawa na farko ko shekara biyu bai yi ba ya kumbura, firji ya koma akwatin ajiye kwanuka.

Duk wanda ya turo maka link a WhatsApp ya ce ka biya kudin rajista, dan damfara ne wallahi.