Da ido muke karatu, me ya kawo "na ji daɗi"?

Wata malamar makaranta daga Gwale ta aiko da tambaya: "Ɗalibata ta rubuta 'na ji daɗin labarin', alhali karantawa ta yi, ba a ba ta shi da baki ba. In ja mata layi?"

Malama, bar mata abinta, daidai ta rubuta. Bahaushe ya ware "gani" shi kaɗai, sauran duk ya zuba su a "ji": jin ƙara, jin ƙamshi, jin gishiri a miya, jin zafi, har da fahimta, kamar a ce "yana jin Larabci". Karatu kuwa farkonsa kawai ne na ido. Ido na miƙa siffar haruffa ga bayan ƙwaƙwalwa, daga nan ta wuce wani ɗan gurbi a ƙasan ɓangaren hagu mai gane rubutacciyar kalma, wanda Stanislas Dehaene da Laurent Cohen na Faransa suka raɗa wa suna a 2000. Ko boko ne daga hagu, ko ajami daga dama kamar na allo, gurbin ɗaya ne. Bayan nan sai sashen harshe ya karɓa, kuma maganar ba ta tsayawa a can. A 2006 masu bincike a Sifaniya sun sa mutane karanta kalmomi irin su "tafarnuwa" da "kirfa" a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sai ga sashen jin ƙamshi ya motsa. A 2004 a Kambirij an ga kalmomin lasa, ɗauka da shuri suna taɓa sassan da ke sarrafa harshe, hannu da ƙafa. Kada dai a zuzuta: motsin kaɗan ne, bai kai na wanda ya ratsa layin 'yan turare a Kurmi ba. Amma marubucin da ya ce "ta soya albasa da manja" ya fi kama mai karatu a kan wanda ya ce "ta yi girki mai daɗi", don na farko ya ba hanci abin yi.

Wani ɗalibi daga Fagge ya ce: "Karin magana ne ko ƙarin magana? Kuma don me manya ke faɗin rabi su yi shiru?"

Ɗana, da "k" marar lanƙwasa ake rubutawa. "Ƙari" daɗa wani abu ne a kan abu, "kari" kuwa ninki ne, irin karin guga a jikin shadda. Magana ce aka ninke, mai ji ya warware. Shirun manya ma yana da dalili. Ƙwaƙwalwa ba ta jiran a gama jimla, hasashe take yi. In an ce "Komai nisan jifa", ka riga ka ji "ƙasa zai faɗo" a ranka. In mai magana ya ce "kasuwa zai faɗo", na'urar auna lantarkin kai za ta nuna wani tsalle bayan kusan kashi 2 cikin 5 na sakan. Marta Kutas da Steven Hillyard ne suka gano shi a 1980 a Amurka, ana kiransa N400. Masu barkwanci a nan suke cin abinci. Hasashen nan ne kuma ke ceton mai karanta Hausa, tunda rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya rubutu ɗaya ne. Yaron da ke tuntuɓe a nan sau da yawa ya san haruffa sarai, jimlar ce ba ya riƙewa. A sa shi ya karanta ta har ƙarshe a zuci kafin ya furta.

Na ƙarshe, daga Ƙofar Mata: "Tashin tsikar jiki in an ji waƙa, salon magana ne kawai?"

A'a, Malam, abu ne na zahiri. Ƙananan tsokoki a gindin kowane gashi ke tsukewa su miƙar da shi. A 2011 a jami'ar McGill ta Kanada an nuna ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, a daidai lokacin, har ma tun ana jiran gaɓar da mai sauraro ya fi so ta iso.