Malamina ya buga bincikena babu sunana, zan iya kai shi kotu?

Wani ɗalibin digiri na biyu a fannin Fiziks ya rubuto daga Katsina. Ya ce wata 14 yana hawa rufin sashensu yana auna ƙarfin hasken rana, har lokacin hazo da sai ya goge ƙura daga gilashin na'urar kowace safiya. Kwatsam ya ga malamin da ke duba aikinsa ya fitar da takarda a mujallar bincike da alƙaluman, babu sunansa ko a wajen godiya. A ganinsa alƙaluman nasa ne, tunda da kuɗin aljihunsa ya riƙa zirga-zirga.

Malam, ban ga takardar ba, ban kuma ga abin da ka sa wa hannu lokacin rajista ba, don haka maganata a dunƙule take.

Kuɗin mota ba ya sayen mallaka. Sashe na 3 na Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ya cire tunani, hanyar aiki, abin da aka gano da tsagwaron alƙaluma daga cikin abin da take karewa. Adadin hasken da ya sauka a Katsina ranar kaza ba na kowa ba ne, ko da kai ka sha ranar auna shi. Abin da doka za ta iya kare maka shi ne rubutunka, zane-zanen da ka fitar, da manhajar da ka rubuta don tace alƙaluman. Idan malamin ya kwashi sakin layi ko zane daga babinka, magana ta canza, don marubuci na da haƙƙin a ambaci sunansa. Idan lambobin kawai ya ɗauka ya yi nasa sharhin, laifi ne a ƙa'idar bincike, amma da wuya ya tsaya a gaban alƙali. Ga kuma na'urar ta sashe ce, kuma idan da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, a ciki, mai yiwuwa akwai sharaɗin da ya ba jami'a iko da sakamakon.

Ƙarar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke saurare, ba majistare ba. Kotuna kuma ba sa son shiga harkar cikin gida ta jami'a kafin a bi matakanta. Ko ka yi nasara, diyyar ba lallai ta biya lauya ba, ga shi ba ka kare kundinka ba tukuna.

Abin da ya fi damuna ma daban ne. Ranar da aka saka kundinka a Turnitin, manhajar da ke gano rubutun da aka kwafa, takardarsa ta riga taka fitowa, sai a ga kamar kai ka kwafa. Wannan za ka fara toshewa.

Tara littafin da kake rubuta awo da kwanan wata, fayilolin na'urar yadda suka fito ba gyara, da saƙonnin imel ko WhatsApp da ka tura masa babi-babi. Ka same shi da ladabi, ka nemi ya rubuta wa editan mujallar a ƙara sunanka. Ana yin irin wannan gyaran idan duk marubutan sun amince. Bai kamata a ce sai an tuna wa malami wannan ba, amma a bar shi a mantuwa tukuna. In ya ƙi, ka rubuta wa shugaban sashe, ka ba shugaban makarantar gaba da digiri kwafi, a buga maka hatimin karɓa. Kada ka fara da edita, don mujallun da ke bin ƙa'idar COPE, kwamitin ladubban buga bincike, galibi jami'a suke mayar wa rikicin suna. Facebook kuwa ka bar shi, kada ka tashi daga mai ƙorafi ka koma wanda ake tuhuma da ɓata suna.

Ko me aka sasanta a kai, ka karɓe shi a rubuce kafin a sa ranar kare kundi.