Tambaya da Amsa: Me ya sa dodo ke mutuwa hannu rabbana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina buga NetHack a kwamfuta. Na kashe dodanni goma sha biyu a jere, ko tsinke ba su bar mini ba, alhali an ce ɗaya cikin shida na yar da kaya. Wasan ne ke da ha'inci, ko sa'ata ce ta yi ƙasa? Daga mai karatu a Nima, Akra.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu ha'inci, fahimtar "ɗaya cikin shida" ce ta ɗan kauce. Duk dodon da ka kashe, wasan zai yi ƙuri'a sabuwa fil, kamar ka jefa ɗan ludo kana neman shida. Ɗan ludo ba ya tuna jifan baya, ba ya kuma jin cewa kana binsa bashi. A dodanni shida, yiwuwar ka tashi a tutar babu kusan kashi 33 cikin 100 ce. A goma sha biyu kuma wajen kashi 11, wato cikin masu wasa tara, ɗaya zai gamu da abin da ka gamu da shi. Masu zama gindin allon loto suna cewa lamba kaza ta daɗe ba ta fito ba don haka ta kusa, wannan kuskuren suke yi.

Amma akwai abin da ya fi lissafin muhimmanci. Kayan da ke faɗuwa iri biyu ne, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai wanda dodo ke ɗauke da shi tun yana raye, kamar digar da wadannin Gnomish Mines (wani reshe na kurkukun da ake yin wasan a cikinsa) kan riƙe. Wannan ba ƙuri'a a kansa a lokacin mutuwa: in ka gan shi da diga, diga za ta faɗi. Sai kuma kayan da wasan ke ƙirƙira a daidai lokacin da dodon ya faɗi, shi ne na ɗaya cikin shida.

A NetHack 3.6, wanda ya fara fita a 2015, in ƙuri'ar farko ta ci sai a yi ta biyu don zaɓen jinsin kaya. A babban kurkukun, abinci na da kashi 20 cikin 100, kwalaben magani 16, takardun tsafi 16, makami 10, sulke 10, kayan aiki 8, duwatsu 8, littafin tsafi 4, sandar tsafi 4, zobe 3, laya 1. Ninka biyun ka gani: sandar tsafi ɗaya cikin 150, zobe ɗaya cikin 200, laya ɗaya cikin 600. Ko ka kashe dodanni 150 cif, akwai kusan kashi 37 cikin 100 ba za ka ga sanda ba.

Sannan akwai rariya ta uku, kuma ina zargin a nan naka suka zube. In dodon bai kai girman mutum ba, kusan duk abin da nauyinsa ya haura 30 a ma'aunin wasan share shi ake yi kafin ya taɓa ƙasa, don ɓera ba zai haifi sulken ƙarfe ba.  To a hawan farko da wa kake faɗa? Ɓeraye da diloli. Rabonka a wurinsu bai kai ɗaya cikin shida ba. Ƙari a kan haka, wanda karenka ko kyanwarka ta kashe ba a yi masa wannan ƙuri'ar, haka dodannin da ba sa barin gawa, irin su fatalwa. Makin sa'a da wasan ke ƙirgawa kuwa yana taɓa addu'a da wasu abubuwa, amma ba ya shiga nan, kada ka wahala.

TAMBAYA: Malam, a Shattered Pixel Dungeon na waya, in na tsaya a hawa ɗaya ina ta kashe ƙananan dodanni, zan tara kaya? Daga ƙanwarku a Mamobi.

AMSA: Na ɗan lokaci kaɗan, ƙanwata. Kowane dodo na da iyakar matsayi, kuma da zarar matsayinki ya haura wannan iyaka da fiye da biyu, ya daina ba ki komai. Kwalbar warkarwa da ake samu wurin ƙudaje da jemagu kuma, duk wadda ta faɗo tana rage yiwuwar ta gaba. Ga yunwa tana cin guzurinki kina tsaye. In kin dace da zoben arziki, shi kam yana ƙara yawan abin da ke faɗowa. In babu shi, leƙa kowane ɗaki na hawan, kwashe abin da ke ƙasa, ki sauka.