Amsar maigida ga yaron kamara: sai yaushe zan riƙe kamara?

Ɗana, jiya da muke naɗe waya bayan an tashi daga lokeshan ka ce min "Oga wata 8 kenan ina ɗaukar fitila da batir, sai yaushe zan riƙe kamara?" Ban amsa maka ba saboda gajiya, amma tambayar ta kwana a raina.

Akwai wani Bature ɗan Ingila, Freddie Young, an haife shi a Landan a 1902. A 1917 ya shiga kamfanin fim na Gaumont da ke Shepherd's Bush, bai wuce shekara 15 ba, kuma ba kamara aka ba shi ba, ɗakin wankin fim aka tura shi, cikin duhu da warin sinadari. To ka san lokacin babu monita, babu sauti ma, kamarar da hannu ake juya ta kamar injin taliya, juyi 2 a daƙiƙa ɗaya, in hannunka ya yi sauri ko ya yi sanyi tafiyar mutane a majigi ta lalace, kuma abin da ka ɗauka yau ba za ka gani ba sai an wanke, in haske ya yi yawa shikenan fim ya ƙone babu wani editin da zai ceto ka. A ɗakin nan yake ganin kuskuren manya yana fitowa a gaban idonsa kullum, nan ya koyi haske. Sai da ya haura shekara 10 kafin a fara rubuta sunansa a matsayin babban mai ɗaukar hoto.

Shi ne fa ya ɗauki Lawrence of Arabia na darakta David Lean, 1962. Nemi wurin da ɗan wasa Omar Sharif yake fitowa a kan raƙumi a saharar Jodan, ka kalla da kyau. Ɗan ɗigo ne baƙi can nesa yana rawa cikin kawalwalniya, a hankali a hankali har ya zama mutum. Dogon lensi (madubin kamara) mai milimita 482 Freddie ya sa, shi ya janyo hucin ƙasar nan har kana jin zafin a fuskarka. Wallahi duk sanda na kalla sai tsigar jikina ta tashi. Ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, da fim ɗin nan, ya ƙara a fim ɗin Doctor Zhivago da Ryan's Daughter, 3 kenan. Ya rasu a 1998 yana da shekara 96.

Ni ba zan riƙe ka shekara 10 ba, zamani ya canza. Amma shekaranjiya na ce ka haska fuskar yarinyar nan baƙa da ta zauna jikin farin bango, ka dallare bangon, fuskarta ta nutse, kuma ba ka lura ba sai da ka leƙa monita.

Gobe ka zo ƙarfe 6 na safe, zan rufe monitar da hula, ka kafa fitilun da kanka ka faɗa min inda inuwa za ta faɗi. In ka dace sau 3 a jere, fitowa ta gaba kai za ka ɗauka.